Yadda Ake Haɗa Kayan Tashen Tsoho da Gemu

Da azumi ya kai kwana goma, yaran Tudun Wadan Zariya sun shiga neman gwangwanaye da tsummokara. Daga Agoro har Ƙofar Doka, da an sauko daga asham za ka ji kiɗan galan yana tashi lungu-lungu: ga masu Jatau Mai Magani, ga masu Danda Dokin Kara, ga 'yan mata da nasu Ga Mairama Ga Daudu. Wasannin suna da yawa, har M. B. Umar ya tattara su a littafinsa Wasannin Tashe, wanda kamfanin NNPC na nan Zariya ya buga. Sai dai a cikinsu babu wanda ya jingina da shiga kamar Tsoho da Gemu. Mai dokin kara ko dokin ya karkace zai yi sukuwarsa a gane shi. Yaro ɗan shekara goma da yake so a ɗauke shi tsoho tukuf kuwa, gemun na faɗuwa wasa ya tashi.

Yadda aka saba shi ne a yagi auduga a manna a haɓa da ƙaro ko koko. Kafin a zaga gida uku gumi ya jiƙa ta, rabi ya zube, rabi ya koma wuya. Wannan bayani na yayye ne da kawunai da iyaye mata da malaman makaranta, duk mai son ya haɗa wa yaro kayan da za su kai shi ƙarshen tashe ba gyara, kuma ba su cutar da shi ba.

Abin da ido ke fara gani

Tashe wasan dare ne. An fi yin sa a goman tsakiya, lokacin farin wata, tunda daren 14 da na 15 wata ke cika. Mai gida yana tsaye a bakin zaure, tsakaninsa da yaran kamar taku goma, wataƙila ma an ɗauke wuta. Daga nan abu uku kawai idonsa ke kamawa: farin gemu, sunkuyon baya, da sanda. Idan ukun nan suka fito sosai, an yi dariya tun yaro bai buɗe baki ba. Saboda haka a kansu za ka kashe lokacinka, sauran kaya rakiya ne.

Masu irin wannan wasa a wasu ƙasashe ma a kan haka suka tsaya. A Turai da Amurka manya sukan taru a fili su kafa tantuna na kwanaki, kowa ya yi shigar wani mutumin tatsuniya ya zauna a cikinta dare da rana. Taron ConQuest of Mythodea na ƙasar Jamus yakan tara dubban mutane. Ƙungiyoyinsu da dama suna rubuta mafi ƙarancin abin da kowace shiga ke bukata kafin a karɓe ta. Wanda ya zaɓi fitowa a wada irin na tatsuniyar Turawa, wato gajerun ƙarfafan nan maƙera masu haƙar ma'adinai da J. R. R. Tolkien ya fito da 13 daga cikinsu a littafinsa The Hobbit a 1937, abin da ake fara nema a wurinsa gemu ne. Galibi ba a auna tsayin mutumin. Da gemu da faɗin kafaɗa da ƙatuwar ɗamara ake sa dogon mutum ya koma gajere a idon mai kallo. Dabarar da za mu mai da yaro tsoho da ita ke nan.

Kayan da za a tanada

Kusan duka ana samunsu a gida ko a kasuwar Tudun Wada, abin da aka rasa a leƙa kasuwar Sabon Gari:

Zaren abawa, ko igiyar rama sabuwa
Ƙyallen alawayyo ko tsohuwar farar singileti mai tsabta
Robar wando yadi 1
Allura, farin zare da almakashi
Wata singiletin daidai jikin yaron
Tsummokara ko guntun soson katifa
Tsohuwar riga ta babban mutum, da wando mai faɗi
Hula haɓar kada, ko tsohon rawani
Jagira, alli da man kaɗanya
Karan dawa mai kauri ko kwagiri

A fara aikin tun azumi yana da kwana biyar ko shida. Gemu kaɗai yakan ci yini guda, rama kuma tana son kwana a ruwa.

Mataki na 1: Gindin gemu

Gemun da zai daɗe ba a fatar yaro ake manna shi ba, a ƙyalle ake dasa shi. Ɗauki zare ka auna daga gaban kunne ɗaya, ka bi ta ƙarƙashin leɓen ƙasa, zuwa gaban ɗaya kunnen. Wannan shi ne tsawon ƙyallen. Ka ninka ƙyallen biyu ka yanka shi siffar jinjirin wata: faɗin yatsu huɗu a tsakiya, ya tsuke zuwa yatsu biyu a kowane gefe. Ka kalmashe bakin ka ɗinke don kada zare ya riƙa fita. Idan akwai tela kusa, aikin minti kaɗan ne a keke.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen roba. Da yawa sukan zagaya da ita ta bayan kunne ko ta ƙeya, sai gemu ya riƙa zamewa ƙasa duk lokacin da yaro ya yi magana. Ka ɗinka ta a gefe biyun, ta hau ta gaban kunnuwa ta bi ta tsakiyar kai. A haka sama take jan gemun, kuma hula za ta rufe ta. Kafin ka ƙulle ɗinkin ka gwada: yatsa ɗaya ya iya shiga tsakanin robar da kunci. Idan ta fi haka matsewa, kafin sa'a guda kai ya fara ciwo.

Mataki na 2: Dasa gashin

Idan abawa ce, yanka ta tsawon taƙi biyu-biyu. Idan rama ce, warware igiyar sili-sili, wanke ta da sabulu, jiƙa ta ta kwana, sannan ka rataye ta ta bushe a miƙe don murɗin ya saki. Rama ta fi kama da gashi na gaske, abawa ta fi fari da laushi. Mai hali ya gauraya su.

Fari fat a ko'ina yakan nuna gemun na bogi ne. Ka ware kashi ɗaya cikin huɗu na zaren ka tsoma a ruwan baƙin shayi mai kauri, ka shanya. Idan ka cakuɗa shi da sauran zai ba da launin furfura irin ta tsohon da ya sha rana.

Yanzu ɗauki sili biyar ko shida, ninka su biyu, ka ɗinke gwiwar ninkin a jikin ƙyallen da ɗinki uku masu ƙarfi. Ka jera su kusa da kusa. Daga layin ƙasa ake farawa a hau sama, domin kowane layi ya rufe ɗinkin na ƙasansa. Layi uku sun isa, huɗu idan ana son gemu mai cika. Na tsakiya su fi tsawo, na wajen kunne su gajarce su zama saje. A layin ƙarshe, wanda ke daf da leɓe, ka juya ƙullin ya kalli ciki don kada farin ƙyallen ya leƙo.

Da ka gama, sa wa yaron ya tsaya, sannan ka rage tsawon da almakashi. Kada ka yanke shi a kwance a tabarma, sai ya fito a karkace. Ya tsaya iyakar tsakiyar ƙirji, ƙarshensa ya ɗan yi tsini. Wanda ya kai cibiya yakan sarƙe da sanda da ɗamara. Bakin abawa da yatsu ake warware shi, matsefi yana tsinka ta. Rama kuwa tana jure taza. In kana son ƙarin armashi, ɗan shafa jan goro kaɗan a gashin da ke ƙarƙashin leɓe, kowa ya san tsoho da goronsa.

Zariya garin rimi ce, don haka audugar rimi ba ta wuyar samu, yara kuma suna son ta saboda laushi. Kada a sa ta a gemu. Silinta gajere ne mai santsi, ba ya riƙe ɗinki, yana tashi ya shiga hanci da ido, sannan wuta na kama ta nan take.

Mataki na 3: Fuska

Gashin baki ba dole ba ne, kuma yana toshe murya. In za a yi, a ɗinka siririn layin zare daga gefe zuwa gefe na gindin gemun, ya bi ta saman leɓe, gajere yadda ba zai shiga baki ba.

Gam ɗin takalmi, gam ɗin faci da sufa gulu ba su da wuri a fuskar yaro ko kaɗan. John Rhys-Davies, wanda ya fito a wada Gimli a finafinan The Lord of the Rings daga 2001 zuwa 2003, mutum ne da ya haura ƙafa 6, aka gajarta shi da shiga da dabarun kyamara. Duk da ƙwararrun da ke masa kwalliya, abin da ake manna masa a fuska ya sa fatar gefen idonsa ta riƙa kumbura tana saɓulewa. Fatar yaro ta fi tasa taushi, mu kuma ba mu da likita a bayan fage.

Ga yadda ake tsufar da fuska ba manni. Shafa man kaɗanya kaɗan tukuna, don abin ya wanku da sauƙi daga baya. Ka ce da yaron ya ɗaga gira, ka bi layukan da suka fito a goshi da jagira. Ya yi murmushi, ka bi na gefen hanci zuwa baki. Ya runtse ido, ka ja gajerun layuka biyu ko uku a wutsiyar idon. Ka murza su da yatsa su daina kama da zane, sannan ka goga alli a gefen kowane layi, sai ramin ya fito. Gira ma alli za a goga mata, ana tayar da gashin sama. Toka tana da zafi a ido, a bar ta a murhu.

Mataki na 4: Doro

Filo da aka ɗaure da igiya ba ya zama wuri ɗaya. Kafin a kai ƙarshen layi ya gangaro ƙugu, tsoho ya koma mai goyo. Ɗauki singiletin da ta kama jikin yaron, ka ɗinka mata aljihu a baya, a sama, tsakanin allunan kafaɗa, daf da wuya. Ka cusa tsumma ko soso, ka ɗinke bakin. Girman dunƙulen hannu biyu ya wadatar. Sauran sunkuyon yaron ne zai yi da jikinsa. Doro mai nauyi gajiyar da shi zai yi tun dare bai yi nisa ba.

Mataki na 5: Riga, wando da hula

Riga ta fi ƙarfin yaron, domin tsufa yakan sa mutum ya shige cikin tufafinsa. Tsohuwar jamfa ko taguwa ta Baba ta yi, amma a nemi izini kafin almakashi ya taɓa ta. In babu, gwanjo ya raba gardama. Launi shi ne abin lura: shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa ko ruwan toka. Farar riga tana haɗiye farin gemu, duk wahalar da aka sha a mataki na biyu ta tafi a banza. A ɗora mata faci biyu ko uku masu launi dabam a kafaɗa da gaba.

Tsawonta ya tsaya a tsakiyar ƙwauri idan yaron ya sunkuya, ba idan ya miƙe ba, don sunkuyo yana sauko da gaban riga. A naɗe abin da ya yi yawa ta ciki a kama shi da ɗinki. Lungunanmu akwai kwata da duwatsu, ga 'yan acaba da Keke Napep suna ratsawa. A ɗaure ƙugu da tsohon ƙyalle mai faɗi, a ɗan ƙasa, sai ƙafafu su gajarce a ido. Wando mai faɗi a tsuke shi a idon sawu. Takalmi kuwa nasa na kullum, ko fade daidai ƙafarsa. Babu mai kallon ƙafa da dare, takalmin Baba kuma tuntuɓe kawai zai jawo.

Haɓar kada ta fi kowace hula dacewa, saboda kunnuwanta suna saukowa su rufe robar da bakin saje. Idan rawani za a yi, a naɗa shi a kan hula a kama da ɗinki biyu, in ba haka ba kowane gida sai an sake naɗi.

A kuma duba yanayi. Azumin 2025 ya kama a Maris, na 2026 ya faro a Fabrairu, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kwana 10 ko 11. Ke nan shekaru masu zuwa tashe cikin hunturu zai riƙa faɗawa. A sanyin Zariya yaro zai ji daɗin rigar sanyi a ƙarƙashin kayan, ta ƙara masa kauri ma. Shekarar da ya kama da zafi kuwa, singileti da riga kawai.

Mataki na 6: Sanda da tarkace

Sirrin sunkuyo yana ga sanda. Ka yanke ta daidai ƙugun yaron ko ƙasa kaɗan. Gajeriyar sanda ita ke tilasta masa ya duƙa ko ya manta. Doguwa kuwa miƙar da shi za ta yi, ya koma makiyayi. Karan dawa mai kauri ya fi, ba shi da nauyi, kuma idan rukuni biyu suka haɗu a lungu aka fara cacar baki, karyewa zai yi kafin ya ji wa wani. A tarukan Turai da muka ambata, makaman wasa na soso ne da roba, kuma sai an duba su kafin a shiga fili. Kai ma ka duba: ba ƙusa, ba ƙarfe, ba tsini.

Tarkace kada su wuce biyu. Carbi a wuya da tabarau na sillen kara sun isa, ko tsohuwar buta a rataye a ɗamara. Hannu ɗaya yana kan sanda, ɗayan na shafa gemu ne da dafa ƙugu. Karɓar hatsi da kuɗi aikin mai riƙe da jaka ne a cikin 'yan amshi.

Mataki na 7: Gwaji

Kwana biyu kafin a fita, bayan an sha ruwa, a sa masa kayan duka a tsakar gida, a kashe fitila. Ka ja da baya taku goma ka duba ko gemu da doro da sanda sun fito. Daga nan ka sa shi ya yi tafiya yana karkarwa, ya yi tari, ya gyaɗa kai da ƙarfi, ya durƙusa ya tashi, ya ruga zuwa zaure ya dawo, ya ɗaga murya, ya sha ruwa a kofi. Abin da zai kwance a titi a nan zai kwance.

Ka bar shi da kayan kamar rabin sa'a. Idan ya ce, "Yaya, nan wurin yana mini ƙaiƙayi," kada ka ce ya daure. Cire ka duba, galibi silin rama ne ya huda ƙyallen, sai a ƙara shafi ɗaya ta ciki. A nan ne kuma za ka koya masa tafiyar: taku gajeru, gwiwa a ɗan lanƙwashe, sanda ta riga ƙafa sauka, kai ya riƙa ɗagowa a hankali kamar mai neman wanda ya yi magana.

Maganar wuta

Hausawa suka ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A nan maganar ba ta bukatar fassara. Daren azumi cike yake da wuta: kaskon mai ƙosai, murhun mai shayi, tukubar mai tsire, aci-balbal a kan teburin mai talla, ga wutar jin ɗumi idan hunturu ne. Yaron kuma a sunkuye yake tafe, gemunsa na reto a gabansa. Murɗaɗɗen zare bai kai sakakkiyar auduga saurin kamawa ba, amma shi ma yana ci. Zaren ulu na kanti da gashin roba na kitso sun fi muni, don narkewa suke su manne a fata, saboda haka a guje su.

Wannan ne babban dalilin amfani da roba maimakon igiya mai ƙulli: fizga ɗaya gemu ya fita. Ka sa yaron ya gwada cire shi da hannu ɗaya har ya saba. Ka kuma ɗora wa babban cikinsu alhakin tsayar da wasa nesa da duk inda wuta take, da hana riƙe kyandir ko ashana a cikin tawaga. Tocila ta isa. Su tsaya a unguwar da aka san su, kada su tsallaka babban titi.

Iyakar wasa

Tsohon tashe ba shi da suna. Kada a ɗinka kayan yadda za a gane wani dattijo na unguwa ake nufi, ko wani mai ƙusumbi, ko wada, ko mai wata lalura. Abin dariyar shi ne ƙaramin yaro ya ari tsufa, dattawan da ke zaune a dakali su ga kansu su yi murmushi su sa hannu a aljihu. Da zarar ya zama da wani ake, an fita daga tashe an shiga cin mutunci, kuma iyaye za a zo wa da ƙara.

Kula da kayan

Kowane dare da an dawo, a wanke fuska da sabulu a shafa mai. Gemu a kakkaɓe shi a rataye a ƙusa ta robar, kada a cusa shi a aljihun riga. Bayan kwana uku-uku a goge cikin ƙyallen da tsumma mai ɗan sabulu a shanya, saboda gumi. Silin da ya fita a mayar da shi tun bai ja na kusa da shi ba.

Idan tashe ya ƙare, a wanke komai, a bari ya bushe sarai, a yi wa gemun sakakkiyar tufka ɗaya don kada ya cukurkuɗe, a sa a leda a ɗaure. Gemun nan ɗaya zai yi wa malamin wasan Ka Yi Rawa, zai yi wa Jatau, zai kuma yi a wasan kwaikwayon makaranta ranar rabon sakamako. Baɗi idan mai shi ya ce ya girma da tashe, ƙanensa na jira. Robar ce kawai za a sake, don ita ke saki.